DARASI: KUNNEN JARIRI SHI NE ALLONSA NA FARKO

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a nan Bazaga da karkarar Ƙonni baki ɗaya mun saba cewa jariri bai san kome ba, sai ranar da aka miƙa shi makarantar allo ne karatunsa zai soma. Wannan zance yana bukatar gyara.

A cikin Suratun Nahli, aya ta 78, inda aka lissafa ni'imomin da ɗan Adam yake samun sani da su, ji aka fara ambata, sannan gani, sannan zukata. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751 Hijira, ya bayyana a littafinsa Tuhfatul Maududi cewa hikimar kiran salla a kunnen jariri ita ce girmama Allah ya zama abin da ya fara ji. Binciken masana ya zo ya ƙara nuna muhimmancin wannan ƙofa.

Na farko, jariri yana ji tun cikin watanni ukun ƙarshe na ciki. A 1980, DeCasper da Fifer a Amurka sun ba jarirai ƴan kwana uku kan nonon roba da aka haɗa da na'ura, yadda tsotsonsu yake zaɓar muryar da za su ji. Sai suka zaɓi muryar uwayensu. A 1988, Mehler a birnin Paris ya nuna jarirai ƴan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci.

Na biyu, kunne yana da lokacinsa. A 1984, Werker da Tees a Kanada sun gano cewa ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan harshen da ba a yi a gidansu, amma kafin ya cika shekara wannan baiwa ta ragu, sai ga sautukan da yake ji kullum. Wannan yana fahimtar da mu dalilin da sodi da lodi da ha ƙarami suke yi wa almajirai wuya. Ana iya koyonsu daga baya, amma da ƙarin wahala.

Na uku, baki da baki ya fi na'ura. A 2003, Kuhl a birnin Seattle ta sa ƴan wata 9 sun zauna da masu jin Sinanci sau 12, suka kama sautukansa. Waɗanda aka kunna musu muryar kawai ko hoto mai motsi ba su kama ba.

Saboda haka, ya ƴar'uwa, ki karanta abin da kika haddace a fili alhali kina goyo ko kina ba da nono, kada ki dogara ga rediyo ko wayar hannu. Kai kuma maigida, kafin ka tafi cin rani, da bayan ka komo, ka ɗauki ɗanka ka yi masa magana. Mu kiyaye harsunanmu daga ashar a gabansu. Babba ba ya tuna abin da ya faru kafin ya kai shekara uku, amma harshen da ya ji a lokacin ya zauna.

Daga ƙarshe, mu tsare lafiyar kunnen. Sanƙarau, irin wanda ya addabi Nijar a 1995, da ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya suna iya kurumtar da yaro. Idan ɗan wata 6 ba ya waiwayowa ga muryar uwarsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Malamin allo kuma, kafin ka ɗaga bulala ga wanda ya kasa biya karatu, ka tabbata yana jin ka. Ƴaƴa amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya sa su zama mahaddatan Littafinsa.