Lambobi Biyu na Awon Jini: Ka Duba Tazarar da ke Tsakaninsu

Idan aka ɗaura maka abin awon jini a damtse, lambobi biyu ake rubutawa a katinka. A Kamaru da Nijar da Cadi sau da yawa za ka ji an ce 12 da 8. A Najeriya kuwa 120 da 80 ake rubutawa. Abu ɗaya ne, sifiri kawai aka ƙara. Lambar sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa ta tura shi. Ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage ne sa'ad da zuciya ta saki tana sake cika.

Yanzu ka cire ta ƙasa daga ta sama. Idan aka cire 80 daga 120, saura 40. Wannan ragowar ita ce tazarar bugun jini, kuma wajen 40 ce daidai ga mai lafiya. Idan ta wuce 60 a awo bayan awo, musamman ga wanda ya haura shekara hamsin, ba abin sakaci ba ne.

Mutane da yawa sun ji an ce lambar ƙasa ce mai haɗari. Sai dattijo ya ga 17 da 7 a katinsa, ya ce ai ta ƙasa ba ta hau ba, ya kama hanyar gida da kwanciyar rai. Tazararsa 100 ce. Wannan 7 ɗin da yake murna da ita, ita ma tana cikin alamun ciwon.

Ga dalili. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana da laushi a ƙuruciya, kamar fatar da aka jeme da kyau. Idan zuciya ta turo jini sai ta buɗe ta karɓa, sa'an nan ta koma a hankali tana ci gaba da tura shi. Da tsufa, da daɗaɗɗen hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon ƙoda, da shan taba, jijiyar takan sandare kamar ƙirgi. Ba ta buɗewa, saboda haka lambar sama ta hau. Ba ta riƙe ƙarfi tsakanin bugu da bugu, saboda haka ta ƙasa ta sauka.

Zuciya ce ta fi shan wahala, ta hanya biyu. Tana turawa cikin jijiya mai tauri, sai namanta ya yi kauri ya gaji. Ga shi kuma yawancin jinin da ke ciyar da naman zuciya yana shiga ne lokacin da ta saki. Idan lambar ƙasa ta faɗi sosai, aikinta ya ƙaru abincinta ya ragu ke nan. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda su ma suna shan dukan kowane bugu. Daga nan ne shanyewar ɓarin jiki, da gazawar zuciya, da mutuwar farat ɗaya sukan fito. A garin Framingham na Amurka, tun 1948 ake bin lafiyar dubban mutane. Rahoton da aka fitar a 1999 ya nuna cewa a cikin masu shekara 50 zuwa 79, waɗanda tazararsu ta fi faɗi sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

Ba kowace tazara mai faɗi ce ta tsufan jijiya ba. Ƙarancin jini, zazzaɓi, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, ko lalacewar ƙofar zuciya duk suna iya faɗaɗa ta. Shi ya sa ba ma yanke magana da awo ɗaya. Ka zauna minti biyar ka huta kafin a auna ka, ka kuma dawo wata rana a sake.

Babu ƙwayar da aka yi domin tazara ita kaɗai. Lambar sama ake saukarwa, a hankali. Idan an ba ka magani, kada ka bari don ka ga ta ƙasa ta yi ƙasa, ko don kanka ya daina ciwo. Idan jiri yana ɗibarka in ka miƙe tsaye, ka zo ka faɗa mana a gyara maka. Ke uwargida, miya a hannunki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen Maggi da kanwa da kifi mai gishiri duk suna cikin lissafin. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a tire a kasuwa, suna ta da jini. Ni dai ba na son ganinsu a aljihun dattijo.

Idan bakin wani ya karkace, ko hannunsa ɗaya ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran ranar kasuwa. A yi masa addu'a a kan hanya, a kawo shi asibiti nan take, a zo da katinsa na awon jini.