Dalolin wasannin jami'o'in Amurka: kafin ka tura yaronka

Aikina lissafin kuɗi ne a sashen wasanni na wata jami'a a Amurka, kuma tun daga bara saƙonnin 'yan'uwa daga gida suka ƙaru. Tambayar ɗaya ce: an ce yanzu jami'o'i suna biyan 'yan wasa albashi, ta yaya yarona zai shiga? Labarin gaskiya ne, amma gutsurensa aka kai muku.

A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i. Za a biya tsoffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan iyaka ce aka gindaya, ba a tilasta wa kowa ya kai ta ba.

Kuɗin kuwa daga talabijin suke fitowa. Jami'o'in suna haɗuwa gungu-gungu, kowane gungu ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa, a raba wa mambobi. A 2022 gungun Big Ten ya ƙulla ciniki da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC na sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Gungun Pac-12, mai tarihin sama da shekara ɗari, ya kasa samun ciniki mai tsoka, sai mambobinsa suka watse a 2024, aka bar jami'o'in Oregon State da Washington State riƙe da suna. Jami'ar SMU ma yarda ta yi ta haƙura da kason talabijin na shekara tara don kawai a karɓe ta a gungun ACC.

Abin da gidajen talabijin ke saye shi ne ƙwallon zari-ruga ta Amurka, sai ƙwallon kwando ta maza. A takardar kasafin da ke gabana, waɗannan biyu ne ke shigo da kuɗi. Gudu da ninkaya da ƙwallon ƙafa duk ci suke yi. Saboda haka da aka zo rabo, manyan jami'o'i da yawa sun ware kusan kashi 75 cikin ɗari ga zari-ruga, kashi 15 ga kwandon maza, sauran wasannin su yi ta wasoso a kan ragowar. Yaranmu kuma galibi ta gudu da ƙwallon ƙafa suke shigowa, irin hanyar da 'yar tsere Tobi Amusan ta bi zuwa jami'ar UTEP a Texas.

Kada kuma yawan kuɗin shiga ya ruɗe ku. Sashen wasanni yana kashe duk abin da ya samu, wani lokaci har da ƙari. Jami'ar Texas A&M ta ɗauki nauyin biyan sama da dala miliyan 75 a 2023 don sallamar koci guda ɗaya. Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin kallo domin biyan 'yan wasa. Idan aljihu ya matse, ƙananan wasanni ake fara duba wa wuya. Ko jami'ar Stanford, da duk arzikinta, ta sanar da soke wasanni 11 a 2020, sai da aka yi mata ca ta janye. A zaman kasafi na sha ganin kocin masu gudu yana roƙon kuɗin motar bas, alhali 'yan zari-ruga jirgin shata ake ɗaukar musu.

Ga kuma maganar biza. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ta F-1 an taƙaita masa neman kuɗi a cikin ƙasar, don haka karɓar irin wannan biya ba tare da shawarar ofishin ɗaliban waje ba na iya jefa zamansa cikin haɗari.

Idan takardar tayin gurbi ta zo, a duba ko tallafin na shekara ɗaya ne ko na shekara huɗu, ko ya haɗa da masauki da abinci da inshorar lafiya, da abin da zai faru in yaro ya ji rauni ko aka cire shi daga tawaga. Sulhun ya ƙayyade yawan 'yan kowace tawaga, to cirewar ba wasa ba ce. Ma'aikatar Ilimin Amurka tana wallafa kuɗin shiga da na kashewa na kowane sashen wasanni a intanet kyauta. A buɗe a duba na jami'ar kafin a sa hannu, kuma kafin a ba wani dillali ko sisi.