Ƙwaron da ke Cikin Faifan Garmaho

A wannan fitowa darasinmu zai kai mu kasuwar gwanjo, wajen masu sayar da tsofaffin rediyo da rakoda da fayafayan garmaho. Mai neman irin waɗannan kaya yakan tarar da fayafayai iri biyu jibge wuri guda, duka baƙaƙe, amma asalinsu ya bambanta ƙwarai. Wanda bai san bambancin ba yana iya lalata abin da ya saya tun ranar farko.

Iri na farko shi ne mai nauyi da tauri, wanda ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe na madaidaicinsa bai cika wuce minti uku ba. Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne da hannun ƙwaro a cikinsa. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro da masana ke kira Kerria lacca, dangin farin ƙwaron nan da ke manne wa rogo, wanda ya fi yawa a Indiya da Tailan. Macen takan kafa bakinta a reshen itace tana tsotson ruwansa, tana kuma fitar da wani danƙo da ke daskarewa ya rufe ta don kariya. Manoma su kankare danƙon, a wanke, a narke, a tace. Shi ake kira shalak. Masu yin faifai sukan cuɗa shi da garin dutse da baƙin launi, su danna a mazubi. Garin dutsen ya fi yawa, shalak shi ne ke riƙe shi, kamar yadda siminti ke riƙe yashi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shalak ya yi wuyar samu. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da iri na biyu, na roba, mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda gefe ɗaya kan kai minti 20. Wannan ba shi da nauyi sosai, yana ɗan tanƙwaruwa, alhali na shalak karyewa yake yi kamar tangaram.

To, ina amfanin sanin wannan? Shalak yana narkewa cikin sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin a yi allura. Duk wanda ya goge faifan shalak da shi ya shafe muryar da ke ciki, kuma ba ta dawowa. Ruwa mai tsabta kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, a kuma shanya a inuwa. Shi kuwa na roba, zafi ne abokin gabarsa, domin rana tana karkata shi. Haka nan kada a ɗora masa allurar ƙarfe ta tsohon garmaho mai wani da hannu, don za ta yage siraran layukansa. A duba jakar takardar ma kafin a biya kuɗi: in tana warin danshi, funfuna ta kama ta, kuma takan bazu zuwa kan faifan.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A sami ɓallin fasasshen faifan shalak da na roba, a ɗiga wa kowanne sifirit, bayan 'yan mintoci ɗalibai su taɓa su rubuta wanda ya yi danƙo.