Siffofi masu rufe daɓe

Magini yana jera karo a daɓen ɗaki. Kowane karo murabba'i ne, gefunansa huɗu tsawonsu ɗaya. Karo ba ya hawan ɗan'uwansa, ba ya kuma barin kafa. In aka bar kafa, ruwa zai shiga, gara ta samu hanya.

Mi ya sa murabba'i yake rufe daɓe? A duba wurin da kusurwoyi suke haɗuwa. Kewaye guda digiri 360 ne. Kusurwar murabba'i digiri 90 ce. Huɗu suna haɗuwa: 4 x 90 = 360. Babu saura.

Alwatika mai gefuna uku daidai tana da kusurwa ta digiri 60, shida ke cika wurin. Siffa mai gefuna shida daidai tana da 120, uku sun isa. Ita ce ƙudan zuma suke ginawa cikin saƙarsu, ba tare da wani magini ya koya masu ba.

Mai gefuna biyar daidai fa? Kyakkyawa ce, amma ba ta da amfani ga wannan aiki. Kusurwarta digiri 108 ce. Uku sun ba da 324, saura 36, ta huɗu kuwa ba ta samun wuri. Da'ira ma haka take: in aka jera dala-dala bisa tebur, ana ganin katako tsakaninsu.

Aiki: a yanka alwatika goma sha biyu iri ɗaya a kwali, ko da gefunansu ba daidai ba ne. A jera su, ana jujjuya wasu. Suna barin kafa?