Makunnin wuta a bakin ruwa

A ƙasar Sudan, bakin kogin Shuɗin Nil, akwai garuruwan Hausawa da Fulani. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mai Wurno, kusa da Sennar. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa garin bayan yaƙin Burmi na 1903. A 1925 aka gama ginin madatsar ruwa ta Sennar, ruwa ya fara isa gonakin auduga na Jazira.

Masu lambu na bakin kogi da pampo suke jan ruwa. Wani pampo gazuwal yake sha, wani kuwa da lantarki yake aiki. Pampon lantarki yana rage wahala, amma yana buƙatar hankali.

Wutar lantarki tana bin ruwa, tana kuma bin jikin mutum. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare ta sosai. Wanda ya tsaya cikin ruwa ya taɓa tsiraran waya, wuta za ta ratsa jikinsa ta shiga ƙasa. Tana iya tsaida zuciyarsa.

Saboda haka kowane pampo yana buƙatar makunni mai katse wuta gaba ɗaya. Ina ya kamata a kafa shi? A Amurka, dokar lantarki ta tafkin wanka ta ba da amsa, kuma amsar tana da amfani ga mai lambu:

1. A kafa makunni nesa da bakin ruwa, aƙalla mita 1 da rabi. Ta haka wanda ke cikin ruwa ba ya iya miƙa hannu ya taɓa shi.
2. Mai gyaran pampo ya riƙa hango shi, kada wani ya kunna yana cikin aiki.
3. Hanyar zuwa wurinsa ta zama a buɗe, don a kai gare shi da gudu.

In wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi, kada ka shiga ruwan. Fara kashe makunni, sannan ka yi kururuwa manya su zo, a kai shi likita.

Mu riƙe: jiƙaƙƙen hannu ba ya taɓa makunni.

Kalmomi
makunni: l'interrupteur
waya: le fil
madatsar ruwa: le barrage
pampo: la pompe

Tambayoyi
1. Wa ya kafa garin Mai Wurno?
2. A wace shekara aka gama madatsar Sennar?
3. Don me ake kafa makunni nesa da ruwa?
4. Me za ka fara yi in wuta ta kama abokinka?

Aiki
Ku ɗauki igiya ku auna mita 1 da rabi daga randar aji. Ku miƙa hannu: kuna kaiwa?