Ka Ɗaga Motarka? To, Ga Aikin Da Ya Rage

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga daji ya san dalilin ɗaga mota: kada cikinta ya riƙa gogar ƙasa a yashi ko kwazazzabo. Daga garejojin Agadas, inda motoci ke kama hanyar Dirku, har zuwa na Kano da Maiduguri, aikin kusan ɗaya ne. A ƙara fallen sifirin a baya, a sa dogayen shokazoba, a ɗaura manyan tayoyi. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga an fito gareji sai su ɗauka an gama.

Fara da ƙarafan nan masu siffar U da suka ɗaure sifirin da aksul ɗin baya. Sabon sifirin yana zama a hankali, yana zama kuwa notinan sai su saki. Idan motar ta yi kamar kilomita 500, ka koma a sake ɗaure su. Ka durƙusa ka duba da idonka: in ka ga jan gari kamar na tsatsa a gefen fallayen, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Aka ƙyale shi, kusar tsakiyar sifirin za ta karye, aksul ya goce, ka ga mota tana tafiya a karkace. Kada ka yarda a mayar maka da tsofaffin ƙarafan, domin sun riga sun miƙe tun ɗaurin farko. Kuɗin sababbi bai taka kara ya karya ba.

Sai bushin. Na roba ba a ɗaure shi mota tana kan jak. A sauke ta tukuna, nauyinta ya hau tayoyi, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Baƙar roba ba ta son giris, yana lalata ta. Masu taurin nan ja ko ruwan ɗorawa su ne ke buƙatarsa, amma a goge wanda ya ɓullo waje, saboda giris da yashi in sun haɗu kamar dutsen wasa wuƙa suke.

Birki shi aka fi mantawa, shi ya fi haɗari. Ka sa bakanike ya ɗaga motar har tayoyi su yi reto, a ga ko tiyon birki ya ɗame. In ya ɗame, a sa dogo. Tsofaffin motoci da yawa kuma suna da wani bawul a baya da ke raba ƙarfin birki gwargwadon kaya. Ɗagawa tana sa ya ɗauka motar fanko ce, ya rage birkin baya, don haka dole a sake saita shi.

Gwajin shokazoba ba wuya. Bayan tafiya a hanya mai gargada, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowacce, a hankali don tana iya ƙuna. Mai aiki za ka ji ta da zafi. Wadda ta yi sanyi ita kaɗai ta mutu, haka ma wadda mai ke zuba a jikinta. A canza su biyu-biyu.

A Hilux ta 2005 zuwa yau, ni ban ga hikimar wuce inci 2 a gaba ba, don daga nan shaf da boljoyin suke fara wahala. A yi alaimen, a kuma sauke fitilu don kada ka kashe wa na gabanka ido.

Maganar kaya kuwa, ƙarin sifirin yana hana baya zama ne kawai. Aksul da birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su, ga motar ta ƙara tsawo, ta fi saurin kifewa a kwana. Duro da jarkokin ruwa su zauna a ƙasa kusa da kan mota. Direba, don Allah, in akwai mutane a bayanka, ka rage gudu.