An Sauke Inji, Amma Baƙin Mai Yana Hawa Kuwa?

Wani manomi daga Beli, a ƙaramar hukumar Rogo, ya aiko da tambaya. An sauke masa injin Boxer, an sa sabon fistin da ringi, amma kwana biyu da karɓo babur ɗin sai kan injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa gwangwani, ga zafi har ba ya taɓuwa. Ya zaro ma'auni, baƙin mai a cike. To mene ne?

Malam, jingine babur ɗin tukuna. Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa Karaye a duba, domin tafiyar minti goma ta isa ta cinye kamshaf. Ma'auni yana gaya maka akwai mai a ƙasan inji ne kawai, bai ce man yana zagayawa ba. Ƙananan baburan nan namu, Boxer da Jincheng da ire-irensu, ba su da fitilar gargaɗin ƙarfin mai irin ta mota, sai dai ido da kunne.

Gwajin ba shi da wuya. Bakanike ya kwance murfin tafet, ya tayar da injin a hankali ba tare da murza totur ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ka ga mai yana fantsalowa, har ya ɓata masa hannu. In rabin minti ya wuce wurin a bushe, a kashe nan take.

Daga nan yawancin masu gyara sai su ce famfon mai ne, a sayo sabo. Ni ban cika saurin yarda ba. Famfon da yake aiki lafiya kafin a buɗe inji, me zai kashe shi rana ɗaya? Abin da aka taɓa shi ake fara tuhuma. Man yana bi ta wata siririyar hanya ne daga ƙasa, ya ratsa buloki ya hau kai, kuma gaskit ɗin da ke tsakani yana da 'yar huda daidai bakin hanyar. A kifa shi baibai, ko a sa na wani samfurin, ko wanda aka yanka da kwali a gareji, shi ke nan an toshe ƙofa. Sai kuma gam. Akwai yaran gareji da ke lafta shi kamar masu yaɓen ɗaki. Da an ɗaure ƙusoshi sai rarar ta matso ciki, ta bushe, ta zauna a hudar da ba ta fi kan ashana ba. A buɗe, a kankare, a hura hanyar da iska har ta fita ɗaya ɓangaren.

In nan lafiya, a sauko ƙasa. Akwai rariyar da mai ke bi kafin ya shiga famfo. Tarkacen tsohon inji da guntayen gam nan suke taruwa, musamman in an haɗa injin a ƙasa cikin ƙurar rani. A wanke ta da kananzir. A buɗe ɓangaren kuloci a share matatar da ke juyawa da kiranshaf, wadda da yawa ba su ma san da ita ba. Sai bayan wannan a duba famfon kansa: haƙoran giyarsa, da ko an zaunar da shi daidai.

Man ma a tambayi asalinsa. Wanda ake tsiyayowa daga jarka a kwalba ba ka san abin da aka gauraya ba. Sayi na babur mai hatimi, 20W-50, wajen lita ɗaya injin ke sha, ka tsaya a zuba a gabanka.

Tunda naka ya riga ya fara ƙara, a duba kamshaf da hannayen tafet. In sun yi zane ko sun koma shuɗi, canji ne. Bayan gyara ka bi shi a hankali, ban da ɗora buhunan masara biyu, kuma ka juye man idan ka yi kilomita 500.